Edwin Link: Mutumin da ya koyar da tuƙin jirgin sama ba tare da an bar ƙasa ba

Idan hazon hunturu ya turnuƙe Damagaram, har mutum a Tirmini ba ya hangen nesa, matuƙin da zai sauka a filin jirgin Zinder da na'urorin gabansa yake dogara, ba da idonsa ba. Wannan ƙwarewa a ƙasa ake fara koyonta, kuma Edwin Link na cikin waɗanda suka share hanyar.

An haife shi a jihar Indiana ta Amurka a 1904, ya tashi a garin Binghamton, inda mahaifinsa ke da masana'antar kayan kiɗa. Tun yana saurayi yake sha'awar tuƙin jirgi, amma kuɗin koyo ya yi masa tsada.

Hakan ya sa ya ɗauki irin zugazugin da ke hura iska cikin kayan kiɗan, ya haɗa wani akwati mai karkata da juyawa kamar jirgi. Ya kammala shi a 1929. Da farko wuraren wasa ne suka fi saye, ana kallonsa a matsayin abin nishaɗi.

Lamarin ya sauya a 1934, lokacin da aka ɗora wa sojojin saman Amurka jigilar wasiƙu. Fiye da goma daga cikinsu suka mutu a haɗurra, galibi saboda rashin sabo da tuƙi cikin dare da mummunan yanayi. Rundunar ta sayi akwatunan guda shida. A Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera sama da 10,000, aka horar da matuƙa kusan rabin miliyan.

Sai dai Link shi kansa matuƙi ne da ya goge a sama, kuma akwatinsa share fage ne. A ciki ɗalibi zai yi kuskure sau ɗari ya fito lafiya, amma ya san ba zai faɗi ba. Shi ya sa har yau, duk da na'urorin kwamfuta da ake da su a makarantu irin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, ƙa'idar duniya ta buƙaci mai neman lasisin tuƙin jirgin haya ya tara awa 200, ko 150 a makarantar da aka amince da ita, mafi yawansu a jirgi na gaske.

Daga baya Link ya koma binciken ƙarƙashin teku. Ya rasu a watan Satumban 1981, yana da shekara 77.