William Billings, Majemi Mai Tsara Waƙoƙin Ibada

Duk wanda ya ratsa Kafanchan ko Kagoro ko Kwoi ran Lahadi ya san yadda mawaƙan ikilisiya kan raba murya kashi huɗu, waƙa ta tashi ko babu molo babu garaya. Irin wannan rerawa tana da dogon tarihi a Amurka, ɗaya daga ƙasashen da 'yan mishan na SIM suka fito, kuma wani majemi ne ya yi mata hidima tun farko.

An haifi William Billings a birnin Boston ran 7 ga Oktoba, 1746. Yana ɗan shekara 14 mahaifinsa ya rasu, sai ya bar makaranta ya kama koyon jima. Idonsa ɗaya ne, hannu guda a shanye, ƙafa guda kuma ta fi ɗaya gajarta. Amma fa Allah Ya ba shi murya da kunne.

A 1770 ya buga littafinsa na fari mai waƙoƙi fiye da 120, watau littafi na farko da ɗan Amurka ya tsara dukan muryoyinsa shi kaɗai. Ya yi suna wajen wata irin waƙa wadda masu babbar murya kan fara, sauran su riƙa shigowa bi da bi kamar ana tsere, sa'an nan a haɗu a ƙarshe. Ya kuma buɗe azuzuwan koyon waƙa, har da na garin Stoughton a 1774. Waƙarsa mai suna Chester kuwa sojoji sun rera ta a yaƙin neman 'yancin kai daga Ingila.

To, suna dai ya samu, kuɗi ne babu. Dokar ƙasa baki ɗaya ta kare haƙƙin mawallafa ba ta fito ba sai 1790, bayan masu ɗab'i sun daɗe suna kwasar waƙoƙinsa kyauta. Mutumin da ya buga littattafai 6 ya koma har da aikin tsabtace titi. Matarsa ta rasu a 1795, ta bar masa 'ya'ya shida.

Ya rasu ran 26 ga Satumba, 1800, aka binne shi ba ko alama a kabarinsa. Daga baya masu ilmin waƙa na birni suka raina aikinsa, wai bai bi ƙa'idar Turai ba. Mutanen ƙauye na kudancin Amurka ne suka riƙe shi cikin littafin Sacred Harp na 1844, wanda har yau ake rerawa da baki zalla.