Bill Lancaster, matuƙin jirgin da Sahara ta riƙe shekara 29

In ana zancen matuƙan jirgin sama na farko, ni dai Bill Lancaster ne ke faɗo mini a rai, duk da cewa rabonsa na nasara kaɗan ne. An haife shi a Birmingham ta Ingila a 1898, ya koyi tuƙi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A Oktoban 1927 ya tashi daga Ingila zuwa Ostareliya tare da wata mata, Jessie Miller, cikin ɗan ƙaramin jirgi ƙirar Avro Avian. Injinsa ɗaya tak, ga jikin katako da yadi. In injin ya yi tari, to sai ƙasa. Haka kuwa aka yi a Muntok ta Indonesiya, suna tashi ke nan ya mutu, jirgin ya kife. Suna jiran gyara Bert Hinkler ya wuce su, ya gama tafiyar cikin kwana 15 da rabi. Su kuwa sai da suka haura wata biyar.

A 1932 aka gurfanar da shi a Amurka kan zargin kisan kai. Kotu ta wanke shi, amma suna ya riga ya ɓaci, ba mai ba shi aiki. A ganina wannan ne ya tura shi kasadar ƙarshe, wato karya tarihin Amy Johnson na zuwa Cape Town daga Ingila cikin kwana huɗu da 'yan sa'o'i.

Ya tashi ranar 11 ga Afrilun 1933. Washegari ya sauka Reggane a kudancin Aljeriya, a makare, ga barci fal idonsa. Jami'an Faransa suka ce ya huta, ya ƙi, ya nufi Gao da yamma. Bai yi nisa ba injin ya ɗauke a cikin duhu, ya faɗi a hamadar Tanezrouft, inda ko ayarin raƙuma ke shakkar ratsawa.

Bai mutu nan take ba. Kwana takwas ya yi a inuwar fiffiken jirgin, yana kurɓar ɗan ruwansa da awo, da dare yana ƙona yadin jirgin ko masu nema za su hango, yana kuma rubuta wa mahaifiyarsa da Jessie halin da yake ciki. Rubutunsa na ƙarshe na ranar 20 ga Afrilu ne.

Sai a Fabrairun 1962 sojojin Faransa suka ci karo da gawarsa ta bushe, littafin na ɗaure a jikin fiffiken. Aka binne shi a Reggane, aka miƙa wa Jessie littafin.