Marigayi Paul Ehrlich: Likitan Da Ya Yaƙi Cuta Da Rini

Duk manomin da zazzaɓin damina ya kai shi asibitin Bichi ko na Dambatta, aka ɗiga jininsa a kan gilashi, aka rina shi kafin a duba a madubin likita, to, ya ci moriyar aikin wani Bajamushe, marigayi Paul Ehrlich.

An haife shi ran 14 ga Maris, 1854, a garin Strehlen, wanda yanzu yake cikin ƙasar Folan. Tun yana ɗalibi ya ƙwallafa ransa a kan rini. Yadda marini ya san zaren da ke kama baba, haka shi ma ya lura kowane sashe na jiki yana da launin da yake sha. Da wannan ya rarrabe ire-iren fararen ƙwayoyin jini, kuma a 1882 ya kyautata hanyar rina ƙwayar tarin fuka. Cutar ba ta ƙyale shi ba, har sai da ya tafi Masar jiyya a 1888.

A 1885 ya bayyana cewa idan aka yi wa dabba allurar rini, launin yakan bi jini ya kama gaɓoɓi, amma ban da ƙwaƙwalwa. Shi ya zaci ƙwaƙwalwar ce ba ta shan rinin. Daga baya masana suka tabbatar bangon ƙananan jijiyoyin jininta ne yake tare shi, shingen da ke hana magunguna da yawa isa can.

Haka kuma ya yi amfani da fulorosin, rinin nan mai walƙiyar kore, wajen bin sawun ruwan ido. A kan irin wannan rini ne Albert Coons na Jami'ar Harvard ya ɗora a 1941, ya liƙa shi a jikin sinadaran garkuwar jiki. Da dabarar tasa ake haska jijiyoyin da suka fi gashi siranta.

Ehrlich ya yi tunanin cewa tun da rini yana zaɓen abin da zai kama, magani ma zai iya. A 1891 ya gwada wani shuɗin rini a kan masu zazzaɓin cizon sauro. Ya sami lambar Nobel a 1908, kuma a 1910 aka fito da Salvarsan, maganinsa na tunjere, wanda ya jawo masa yabo da zargi mai zafi.

Ya rasu ran 20 ga Agusta, 1915, yana da shekara 61.