Babe Didrikson: 'yar kafinta da ta gagari filin wasa

Da aka ce kowa ta kawo abin da za a sa a takardar bikin cikar ƙungiyarmu, sai na ce ni labarin wata mata zan kawo. Ɗiyata ce ta fara nuna min ita a waya, muka yi ta bin tarihinta da dare bayan na dawo daga kasuwa. Ba 'yar ƙasarmu ba ce, amma na ga kamanninmu a rayuwarta.

Sunanta Mildred Didrikson, ana kiranta Babe. An haife ta a 1911 a garin Port Arthur, jihar Texas ta Amurka, ta girma a Beaumont. Iyayenta baƙi ne daga ƙasar Norway. Uban kafinta ne, uwar tana wankau don a samu na cefane. Su bakwai ne a gidan, ita ce ta shida. Tun tana ƙarama ba ta da wasa sai da yara maza, tana gudu tana tsallake shingen gidajen maƙwabta. Ta iya ɗinki ƙwarai, har kayan wasanta ita take ɗinka wa kanta.

Ta yi wasan sofbol, wanda ake jefa wa mutum ƙwallo ya doke ta da sanda, sannan ya zaga fili a guje kafin a dawo da ita. Ta yi irinsa na maza, wato besbol. Amma ƙwallon kwando ne ya fara fito da ita. A 1930 wani kamfanin inshora a Dallas ya ɗauke ta aiki don ta yi wa ƙungiyarsa wasa, kuma a 1931 suka ci kofin ƙasa.

To ga abin mamakin. A 1932 aka yi gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta mata ta ƙasa baki ɗaya a Evanston. Kamfanin ya tura ta ita kaɗai a matsayin ƙungiya guda. Ta shiga wasanni 8, ta ci 5, ta yi kunnen doki a ɗaya, ta tashi da maki 30. Ƙungiyar da ta zo ta biyu mata ne sama da ashirin, makinsu 22. Mace ɗaya tal, jama'a!

A shekarar ne ta je gasar Olamfik a Los Angeles. Doka ta hana mace shiga fiye da wasa uku. Ta ci zinare a jifan mashi, ta ci zinare a gudun mita 80 mai tsallake shinge. A tsallen sama sun yi daidai da wata mai suna Jean Shiley, sai alƙalai suka ce kanta ne ya riga jikinta ƙetarewa, aka ba ta azurfa.

Kada ku ɗauka daga nan sai jin daɗi. Wasu 'yan jarida suka sa ta a gaba, wai ba ta yi kama da mace ba, wai ta koma gida ta jira miji. Kuma lambar zinare ba ta cika tukunya. Sai da ta riƙa yawo gari-gari tana nuna wasa don ta ci abinci ta taimaki iyayenta. Daga baya ta kama wasan golf, wanda ake bugun ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Tana yini tana koyo har hannunta ya yi kanta, ya fashe, ta ɗaure ta ci gaba. A 1938 ta auri George Zaharias, ɗan kokawa. A 1947 ta je Birtaniya ta ci gasar mata ta can, ita ce Ba'amurkiya ta farko da ta yi hakan.

Nan ne wurin da ya fi taɓa ni. Mata masu golf ba su da gasa ta kirki, ladan kuma kaɗan ne. A 1950 su 13 suka haɗa kai suka kafa ƙungiyarsu, LPGA. Su ke shirya gasa, su ke neman masu tallafi, su ke riƙe lissafi. Babe ta fi su suna nesa ba kusa ba, da ta so sai ta ci ita kaɗai, amma ta sa sunanta ya jawo wa sauran 'yan kallo. Yau shekara sama da 70, ƙungiyar tana nan. Ashe ba mu kaɗai muka san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ba. Mu da muka ga lokacin da hanyar Kaduna ta zama abin tsoro, gona a bakin daji ta gagari noma, kasuwa ta yi sanyi, mun san abin da adashi da bashin ƙungiya suka yi mana.

A 1953 likitoci suka gano tana da ciwon daji a hanji, aka yi mata babban aiki. Mutane suka ce ta gama. A 1954 ta dawo ta ci babbar gasar mata ta Amurka da ratar bugu 12. Kuma ba ta ɓoye ciwonta ba, a zamanin da ko sunansa ba a son faɗa. Ta fito tana jan hankalin mutane su je a duba su da wuri, tana tara kuɗi don masu fama da shi. Ciwon ya dawo, ta rasu a Galveston ranar 27 ga Satumba, 1956, tana da shekara 45. Kusan sa'ata ce.

Roƙona biyu ne. Wadda ta ji wani abu a jikinta, ƙullutu ko zubar jini, kada kunya ta sa ta yi shiru, ta je asibiti, ta kuma sanar da mu. Sannan idan 'yarki ta dawo daga makaranta ta ce an zaɓe ta gudu, kada ki yi saurin kwaɓe ta. Ki ɗinka mata kayan da suka dace da tarbiyyarmu, ki je ki kalla.

Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya dawwamar da zaman lafiya a Birnin Gwari. Amin.