Labarin Shehu Abu Zaidi na Balhu, Likitan Zukata

Wannan labarin wani malami ne daga cikin mutanen da, sunansa Ahmadu ɗan Sahalu, ana yi masa alkunya da Abu Zaidi. An haife shi wajen shekara ta 235 daga Hijira, watau 850 ta Miladiyya, a wani ƙauye kusa da birnin Balhu, cikin ƙasar da a ke kira Afganistan yau. Ubansa malamin yara ne. Da ya tasa sai ya bi ayarin alhazai da ƙafa har ƙasar Iraƙi, ya zauna shekara takwas yana neman ilmi, ya ɗauki karatu wurin Alkindi, babban masanin Larabawa. Sa'an nan ya komo gida ya shiga karantarwa. Sarkin Balhu ya so ya naɗa shi waziri, ya ƙi, ya karɓi aikin magatakarda kaɗai. Masu tarihi sun ce mutum ne siriri, da zanzanar agana a fuska, mai yawan shiru. Ya wallafa littattafai wajen sittin, har da na siffar ƙasashe, amma mafi yawansu sun ɓace.

Cikin waɗanda su ka tsira akwai Masalihul Abdani wal Anfusi, watau gyaran jikuna da rayuka. A ciki ya yi ƙorafi game da likitoci, don sun duƙufa kan jiki sun bar rai, alhali kuwa mutum ya kan yi shekaru jikinsa bai yi ciwo ba, amma da wuya ya wuni zuciyarsa ba ta taɓu ba. Ya kasa cututtukan rai huɗu: fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da wasuwasi.

To, ya mai karatu, a babin baƙin ciki ne gwanintarsa ta fito. Ya ce iri biyu ne. Na farko an san sanadinsa, kamar rasuwar masoyi ko asarar dukiya. Na biyu kuwa shi kan auko wa mutum haka kawai, ba mutuwa ba hasara, sai ya ji jikinsa ya mutu, abin da ya ke jin daɗinsa da duk ya fita daga ransa. Wannan na biyu ya danganta shi ga jiki, ya ce jini ne ya gurɓace, sai a yi masa magani irin na jiki, a haɗa da zama da abokai da abin da ke faranta rai. Likitocin yanzu ba su bi shi a kan zancen jini ba, amma sun yarda jiki da ƙwaƙwalwa na da hannu a ciki.

Mai sanadi kuwa ya ba shi magani ta hanya biyu. Ta waje, a sami mai hankali wanda maras lafiya ya amince da shi, ya zauna ya saurare shi, ya yi masa nasiha, domin mutum ya fi karɓar magana daga bakin wani, kuma wanda baƙin ciki ya rufe ba ya ganin gabansa. Ta ciki, mutum ya koyi mai da wa mugun tunani martani da tunani na gari. Ya auna cutar da baƙin cikin ke yi wa jikinsa da abin da ya rasa, kada ya ƙara hasara bisa hasara. Ya tuna masifa ta fi zafi ranar da ta sauka, daga nan raguwa ta ke yi. Har ya yi umurni a tanadi irin wannan tunani tun ana lafiya, kamar yadda a kan ajiye magani a ɗaka don ranar bukata.

Abin lura a nan, Shehun bai zargi mai wannan ciwo da raunin imani ba, maras lafiya ya ɗauke shi. A birnin Katsina kuwa, in magidanci ya daina fita kasuwa, ya ƙi tuwo, barci ya ƙaurace masa, sai ka ji waɗansu na cewa ragwanci ne, waɗansu su ce sammu, waɗansu kuma rashin tawakkali. Wannan gaggawar hukunci ce, ta kan ƙara wa mai ciwo nauyi. Likitoci na kiran abin ciwon damuwa in ya kai mako biyu bai sake shi ba, suna maganinsa da ƙwayoyi da kuma zaman tattaunawa. Wanda ya fara zancen ya gaji da rayuwa, ba a barinsa shi kaɗai, asibiti a kan kai shi nan da nan. Ita wannan hanya ta gyaran tunani, wani likitan Amurka, Aaron Beck, shi ya tsara ta wajen shekarun 1960, sama da shekara dubu bayan Abu Zaidi.

Shehun ya rasu a ƙasarsu cikin shekara ta 322, watau 934. Littafin nan ya daɗe a rubutun hannu cikin taskar Aya Sofiya ta Istambul, har 1984 da a ka buga hotonsa a Jamus. A 2013 wani malamin Sudan, Malik Badri, ya juya kashin da ya shafi rai zuwa Turanci. Allah ya ji ƙansu, amin. Tammat.