Thomas Peters, bawan da ya yi wa Sarkin Ingila yaƙi

A shekara ta 1775 Turawan da suka zauna a larduna 13 na Amurka suka ɗauki bindiga don su fita daga hannun Sarkin Ingila, Joji na Uku. Amma ba bakinsu ɗaya ba. Akwai waɗanda suka tsaya bayan sarauta har ƙarshen yaƙin, a 1783, kuma da aka ci su, kimanin mutum 60,000 suka bar ƙasar. Cikinsu har da baƙar fata, waɗanda suka bi sarki don neman ɗiyauci. Thomas Peters shi ne wanda sunansa ya fi fita a cikinsu.

An haife shi wajen 1738. Masu tarihi da yawa sun ce Bayarabe ne, kuma yana saurayi aka kama shi, aka ƙetare teku da shi. Daga hannu zuwa hannu, ya faɗa gidan wani attajiri a garin Wilmington, cikin lardin Karolina ta Arewa, inda ya yi aikin injin niƙa.

A watan Nuwamba 1775 gwamnan lardin Birjiniya, Lord Dunmore, ya yi shela cewa duk bawan ɗan tawaye da ya gudo ya shiga sojan sarki ya zama ɗa. Ingilishi ba tausayin bayi ya sa su haka ba, so suke su raba abokan gabansu da masu yi musu noma. Peters kuwa ya ga ƙofa ta buɗe. A 1776 ya tsere, ya shiga wata rundunar baƙar fata wadda aikinta share hanya da gina ganuwa. Ya yi shekara bakwai a ciki, an ji masa rauni sau biyu, ya kai muƙamin sarjan.

Da yaƙi ya ƙare, masu bayi suka taso neman dukiyarsu. Janar Carleton, shugaban sojan Ingila a New York, ya ƙi miƙa waɗanda aka yi wa alkawari. Aka rubuta sunayen mutum kimanin 3,000 cikin littafi, aka sa su jirage zuwa Nova Scotia, ƙasar sanyi a gabashin Kanada ta yanzu. Peters da matarsa Sally da 'ya'yansu suka isa can a 1784.

A nan ne alkawari ya fara tsinkewa. An ce kowane tsohon soja zai sami gona. Turawa masu biyayya aka fara ba su, baƙaƙe aka bar su baya. Waɗansu suka sami ɗan fili mai duwatsu, da yawa ba su sami ko taki ɗaya ba, sai ƙodago a gonakin Turawa. Shekara shida Peters yana kai takardar kuka ofis ofis, ba amsa.

A 1790 ya tattara kukan iyalai kimanin 200, ya hau jirgi zuwa Landan, ko da yake mai tsohuwar shaidar bauta yana iya faɗawa hannun 'yan fataucin bayi a hanya. Can ya sadu da Granville Sharp da abokansa masu yaƙi da cinikin bayi, suka taimaka takardarsa ta kai gaban gwamnati. Gwamnati ta yarda ta biya jirgi ga duk mai son komawa Afirka, ƙarƙashin kamfanin Saliyo.

Peters ya koma, ya bi gari gari yana tara mutane. Ran 15 ga Janairu 1792 jirage 15 suka tashi daga Halifax da mutum kusan 1,200. Fiye da 60 suka mutu a teku. A watan Maris sauran suka sauka, suka sare daji, suka kafa birnin Firitawun.

Ko a can bai huta ba. Mutanensa sun zaci su za su riƙe garinsu, sai suka tarar mulki yana hannun Turawan kamfani. Ya yi jayayya da gwamna John Clarkson kan wannan, amma jama'a suka fi karkata ga gwamnan. Damina ta faɗi ba a raba gonaki ba, zazzaɓi ya shiga bukkoki. A watan Yuni 1792 ya rasu, bai cika wata huɗu a ƙasar da ya kawo jama'a ba.

Garin ya rayu. Daga baya aka riƙa sauke bayin da aka ƙwato a teku a can, har da Hausawa, kuma daga bakinsu ne Bature Schön ya fara koyon harshenmu, ya buga littafin kalmominsa a 1843.

Mu a Nijar labarin nan ba baƙo ba ne. Kakanninmu sun yi wa Faransi yaƙin duniya biyu. A Thiaroye, kusa da Dakar, ran 1 ga Disamba 1944, an harbe sojojin Afirka da suka nemi haƙƙinsu. A 1959 aka daskarar da kuɗin fanshon tsofaffin sojanmu, sai bayan shekara hamsin aka daidaita shi da na Faransawa. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Matasan da ke koyon aikin soja a Tondibiya sun sami abin da Peters ya mutu yana nema: tutar da suke wa rantsuwa ta ƙasarsu ce.