TARIHIN MARIGAYI FRANCIS BEBEY, MASANIN KIƊAN GARGAJIYA DA YA RUNGUMI FIYANON LANTARKI

Duk wanda ya halarci biki a Dutse ko Miga, ko kuwa ya saurari waƙoƙin finafinan Hausa da ake shiryawa a Kano, ya san cewa yawancin kiɗan da ke tashi daga fiyanon lantarki yake fitowa, watau na'urar nan mai madannai wadda mutum guda ke zama gabanta ya tsara kiɗan da a dā sai an tara makaɗa masu yawa. Tun ƙarshen shekarun 1990, sa'ad da fiyanon Yamaha ya shiga ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, ake gardama ko wannan na'ura za ta binne kalangu da kukuma. Akwai wani ɗan Afirka da ya fuskanci wannan tambaya shekara ashirin kafin nan, shi ne marigayi Francis Bebey na ƙasar Kamaru.

An haifi Bebey a birnin Duwala ran 15 ga Yuli, 1929. Mahaifinsa limamin coci ne, saboda haka ya tashi cikin waƙoƙin ibada da kiɗan Turawa, a zamanin da 'yan mishan ke kallon kiɗan gargajiya a matsayin abin ƙyama. Amma wani tsoho a unguwarsu shi ya buɗe masa kunne ga kiɗan kakanninsa, wannan kuwa ya bi shi har ƙarshen ransa. Tun yana matashi ya koyi jita, ya kuwa gwanance da ita.

Da ya girma sai ya tafi ƙasar Faransa neman ilmi a Jami'ar Sorbonne da ke Faris, daga bisani ya ƙaro ilmin watsa labarai a Jami'ar New York ta Amurka. Ya yi aikin rediyo a Faransa da Gana, sa'an nan cikin 1961 ya kama aiki da UNESCO, watau hukumar ilmi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, inda har ya shugabanci sashen kiɗa. Aikin nan ya ba shi damar nazarin kaɗe-kaɗen ƙabilun Afirka daban-daban. Cikin 1967 ya wallafa littafinsa na ƙagaggen labari mai suna Le Fils d'Agatha Moudio, wanda ya ci babbar kyautar adabin baƙar fatar Afirka a 1968. Cikin 1969 kuma ya fitar da littafi a kan kiɗan Afirka, wanda aka juya zuwa Turanci a 1975.

Cikin 1974, yana da shekara 45, Bebey ya ajiye aikin UNESCO domin ya duƙufa ga kiɗa da rubutu. Lalle wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne ga magidanci mai albashi da muƙami a babbar hukuma ta duniya. Ya mayar da wani sashe na gidansa a Faris ɗakin ɗaukar waƙa, ya tanadi fiyanon lantarki da na'urar da ke buga ganga da kanta, ya riƙa fitar da faya-fayansa a ƙarƙashin kamfaninsa na kansa mai suna Ozileka.

Ya kamata masu karatu su fahimci yadda aikin yake. Fiyanon lantarki ba shi da tsirkiya ko fata. Wutar lantarki ce ke kaɗawa a cikinsa, a tace ta, a lanƙwasa ta, har ta fito da amo mai kama da sarewa ko ganga, ko wani sabon amo da kunne bai taɓa ji ba. Mai kiɗa yakan fara ɗaukar ganga a tef, sa'an nan ya saurare ta ya ɗora fiyano a kai, ya ɗora jita, daga ƙarshe ya ɗora murya. Haka Bebey ya yi, shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, shi ne kuma mai ɗauka. Daga 1983, da kamfanoni suka amince da tsarin MIDI, sai aikin ya ƙara sauƙi, domin na'ura takan riƙe madannin da aka taɓa da lokacin da aka taɓa shi, ta maimaita, a kuma gyara kuskure ba tare da an sake kaɗawa ba. Wannan hanya ce masu tsara kiɗa a Kano suka gāda.

Abin da ya bambanta Bebey da sauran shi ne bai yar da na gida ba. A kan amon lantarkin yakan ɗora sanza, ɗan akwatin nan mai ƙarafa da ake kaɗawa da manyan yatsu, da kuma sarewa mai murya ɗaya ta mazauna kurmin tsakiyar Afirka. Yakan yi waƙa da harshen Duwala da Faransanci da Turanci, sau da yawa cikin raha. Faifansa na 1976, La Condition masculine, wanda ke zolayar magidanta a kan zaman aure, ya yi farin jini ƙwarai a ƙasashen da ke jin Faransanci. Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba a lokacin, don kuwa a Yamai ta Jamhuriyar Nijar, Mamman Sani ya ɗauki kaset na kiɗan fiyanon lantarki a gidan rediyon ƙasar cikin 1978.

Bebey ya rasu a Faris ran 28 ga Mayu, 2001, yana da shekara 71. Bayan shekara 11, watau a 2012, wani kamfanin Faransa mai suna Born Bad ya tattara kaɗe-kaɗensa na lantarki na tsakanin 1975 da 1982 ya sake fitar da su, matasan duniya da ba a haife su ba sa'ad da aka ɗauke su suka yi ta sha'awarsu.

Darasin rayuwar wannan bawan Allah ga samarin da ke zaune gaban fiyano a ƙasar Hausa a fili yake. Na'ura ba ta ba da abin da mai ita bai zuba mata ba. Bebey ya shafe shekaru yana sauraren tsofaffin makaɗa kafin ya taɓa madanni, shi ya sa kiɗansa bai tsufa ba. Mai tsara kiɗan da bai zauna da makaɗan kotso da taushi da kalangu ya san zubinsu ba, sai dai ya yi ta maimaita abin da masana'anta ta ɗura wa na'urar. Hausawa dai sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.